Wankan da Ban Yi Mata Ba

Ina raba ƙanƙara a tantin mata a Mina, washegarin Babbar Sallah, wayata ta yi ƙara a aljihun rigar aiki. Rana ta kusa tsaka. Hannuna a jiƙe yake, sai da na goge shi a mayafina kafin na ɗauka. 'Yar aminiyata ce. A Makka aka haife ta, Hausarta gajeriya ce, in ta matsu sai ta koma Larabci.

"Hala, kina ina?" Haka take kirana, yadda 'ya'yan nan suke kiran 'yar'uwar uwa.

Na ce ina Mina mana, wurin aiki.

"Ummi ta mutu. Tun asuba. An ce kar in gaya miki, amma za a wanke ta. Ki zo, Hala."

Na yi salati. Ban yi kuka ba. Wata hajiya 'yar Bauci tana miƙo mini kofi, na zuba mata ƙanƙara, ta ce in ƙara, na ƙara. Sannan na ajiye bokitin a bakin tanti na tsaya. Wankan ne ya fara zuwa raina. Ni na yi mata alkawarin zan wanke ta da hannuna, kuma yadin likkafaninta yana cikin akwatina a unguwar Zahir, makullin ɗakin yana rataye a wuyana.

Tun 'yar nan tana goye na san uwarta. Da mijina na zo Makka, ya rasu, na zauna. Ɗakina yana saman nata a wani tsohon bene a Zahir, inda kusan duk ƙofar da ka buga da Hausa za a amsa maka, ko ta mutanen Sudan, ko ta Cadi, ko ta gida. Ranar da muka fara magana tukunyar gas nake ja a matattakala, in hau ɗaya in huta. Ta leƙo ta tambaye ni daga wane gari nake. Na ce Kano.

"Af, ashe baiwata ce. Ajiye nan kar ki tashi gidan da mu."

Bazazzagiya ce, kuma tsakanin Kanawa da Zazzagawa wasa ne tun kaka da kakanni. Ta kama kunnen tukunyar ɗaya, na kama ɗaya. Daga ranar ban ƙara jin sunana a bakinta ba. Bakanuwa take ce mini, ni kuma in ce mata Bazazzagiya.

Yaji take dakawa ta sayar, mai daddawa da mai citta, ana kai wa masaukan alhazai da shagunan unguwa. Ni kitso nake yi da lalle, lokacin Hajji kuma in nemi aikin tanti. Da yamma nakan sauko in taya ta ƙulli a leda. Ta jingine wayarta da gwangwanin madara, ana karanta mana littafi. Ita ba ta yi boko ba, ni ma iyakata firamare, amma akwai matan da suke karanta littattafan Hausa a waya, kana aikinka kana ji.

Akwai wani da muka daɗe muna bi, labarin wasu ƙawaye 'yan Najeriya da suke zaune a Turai. Tana son sa ne don tana samun abin yi wa tsiya.

"Wai matan nan ba sa aiki ne? Kullum suna gidan shan shayi suna gaya wa juna sirri."

"Mai littafin ce ba ta son ta gajiyar da su."

"Da mu aka rubuta, shafi ɗaya ya isa. Sun tashi, sun yi aiki, ƙafa ta kumbura, sun kwanta."

"Ke da za ki ce a sa hotonki a bangon littafin."

"Da ya yi kasuwa. Naki in aka sa, yara za a riƙa tsoratarwa da shi."

Wata rana aka zo wurin da ɗaya daga cikin ƙawayen ta mutu, sauran suna ta faɗi-tashin yadda za a mayar da gawarta gida a jirgi, a cikin akwati. Aminiyata ta kashe wayar da bayan yatsa, don hannunta duk yaji ne.

"Ni dai ba inda za a kai ni. Mutum ya mutu a Makka, ina kuma za shi? Amma abu ɗaya, Bakanuwa. Ba na son baƙon hannu a jikina."

Na gane abin da take nufi. A nan ba a gida ake wankan gawa ba. Akwai ɗakunan wanka a jikin wasu masallatai, magsala ake ce musu, da mata masu yi wa mata. Sukan bar 'yar'uwar mamaciya ta shiga ta yi, su tsaya suna taya ta. Ita kuwa mace ce mai kunyar jikinta. An yi mata aiki a ciki lokacin haihuwa, ɗinkin ya bar tabo marar kyau, daga baya ciwon suga ya ci mata yatsun ƙafa. Ko 'yarta ba ta yarda ta ga ƙafar a buɗe. Ni kaɗai nake wanke mata ita in naɗe.

"Ke za ki wanke ni," ta ce. "Kar ki bar yarinyar nan ta shiga, suma za ta yi ta ƙara wa mutane aiki."

"In ni na riga ki fa?"

"Bakano ya mutu ya bar kasuwa? Ai sai kin ga bayan kowa."

Na ce na yi alkawari. Ta ce in ce wallahi. Na ce ba sai na rantse ba. Ta ce Bakano ko ya rantse sai an duba kayan. Na ce wallahi.

A makon muka je kasuwa muka sayi bandir guda na farin alawayyo, wanda zai ishe mu mu biyu. Na tsaya ina neman ragi, tana bayana tana cewa da mai shagon, "Dubi baiwar Allah, ko likkafani sai ta yi ciniki." Muka yi yadda alhazanmu suke yi kafin su koma gida. Muka ɗebo Zamzam a jarka, muka jiƙa yadin a baho, muka shanya a saman bene, muka zauna gadinsa saboda tattabaru. Ta ce kar a raba shi, wadda ta riga a yanka mata nata a ranar. A ɗakina aka ajiye, domin na'urar sanyin ɗakinta tana ɗiga, duk abin da ya kwana biyu a akwati sai ya yi fumfuna. Kowa a gidan ya san da maganar. Ta gaya wa 'yarta, ta gaya wa danginta na Zariya, har mai kawo mana gas ya sani.

Da na ajiye bokitin ƙanƙara na je wurin shugabar aikinmu, wata 'yar Sudan mai haƙuri. Ta yi mini ta'aziyya, ta ce in bari rana ta yi sanyi, mutane suna faɗuwa a hanya. Ta kuma tuna mini cewa in na fita ba lallai a bar ni in dawo ba. Na ce na sani. Ta ba ni lema da gorar ruwa.

A kwanakin nan mota ba ta shiga Mina sai ta hukuma. Da ƙafa ake fita. Kuma daidai lokacin ne jama'a suka fara fitowa zuwa jifa, hanya ta cika daga wannan bango zuwa wancan. Na san wata gajeriyar hanya mai ɓullewa unguwar Aziziyya, na je na tarar an tare ta da ƙarfe. Na ce wa askar ɗin, wato jami'in tsaron da yake wurin, 'yar'uwata ce ta rasu. Ya ce Allah ya jiƙanta, ya fesa mini ruwa a fuska da 'yar gorar da suke fesa wa alhazai, ya nuna mini inda kowa yake bi. Na bi. Ba ka iya sauri a cikin mutanen nan. Takun na gabanka shi ne naka.

Ina cikin tafiya mijin 'yar ya kira ni. Jikan Hausawa ne amma ɗan ƙasar nan ne, mutumin kirki, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Da Larabci ya ce ya gama takardu tun hantsi, an samu a sallace ta a Harami bayan La'asar, kuma dole motar gawa ta tashi da wuri saboda cunkoso. Ya ce za su jira ni iyakar abin da za su iya. Na tambaye shi me ya sa ba a gaya mini tun asuba ba. Ya ce Gwaggo ce ta hana.

Gwaggo tsohuwa ce a hawan ƙasa na gidanmu. Ta Sudan ta shigo tun tana budurwa, kuma duk gidan haka muke kiranta. Daga baya na ji yadda aka yi. Da aka tabbatar da rasuwar, 'yar ta ɗauki waya za ta kira ni, Gwaggo ta riƙe hannunta. Ta ce ba a gaya wa mutum mutuwar aminiyarsa a waya, yana tsaye cikin rana, cikin baƙi. Tashi ake yi a je, a zaunar da shi, a ba shi ruwa, a fara da cewa jiki ya yi tsanani, sannan a faɗa. Haka aka yi mata ranar da uwarta ta rasu, haka ta yi wa mutane da yawa. Ta san da alkawarin wankan. Ta ce da kanta za ta je ta taho da ni, kafin a gama takardu mun iso. Ta sa yarinyar ta yi mata alkawarin ba za ta kira ni ba, ta ɗauki sandarta ta hau mota zuwa Aziziyya.

Minar da Gwaggo ta sani ita ce ta zamanin da mutum yake shiga da tabarmarsa a ka ba wanda ya tambaye shi. Yanzu sai da takardar izini a wuya. Ta tsaya a bakin shinge tun hantsi tana roƙon askarawa, wannan ya tura ta wurin wancan. Ba ta riƙe waya. A gida kuma 'yar tana zaune tana jiran mu shigo tare, har ta ga rana ta take, ta karya alkawarinta ta kira ni.

Na fito Aziziyya ƙafata tana zugi. Wataƙila na wuce Gwaggo a wurin ban gan ta ba. Na daɗe a bakin titi kafin na samu mota. Mai motar ya ce ina za ni. Magsalar da aka kai ta tana kusa da asibiti, ɗakina yana can gaba kaɗan. Na tsaya ina tunani har ya sake tambaya. Na ga in na je ba yadin, rabin alkawari na kai mata. Na ce Zahir, gida tukuna, ya jira ni a ƙofa.

Na hau benen ina dafa bango. Ƙofar aminiyata a buɗe take, takalman mata sun cika bakin. Ban shiga ba, ban yi sallama ba. Na buɗe ɗakina, na ɗaga kayan da ke saman akwatin, na ciro yadin. Na nemi almakashi ban gani ba, sai na ɗauke shi duka na cusa a jaka.

Da na isa magsala 'yar tana zaune a benci a waje, idanunta sun kumbura. Ta miƙe ta rungume ni.

"An gama, Hala."

Matan da suka yi wankan su biyu ne. Ɗaya Bahaushiya ce 'yar Cadi, dattijuwa, hannuwanta sun yi fari saboda ruwa. Ita ta fito.

"Ke ce ƙawar? Sannu da hanya. An gaya mana akwai mai zuwa. Mun yi ta sa wasu a gabanta, har mai mota ya ce in ba a tashi ba sallar za ta wuce."

Na tambaye ta ko an daɗe da gamawa. Na ce da ban biya gida ba, da na same ku? Ta dubi jakar da ke hannuna, farin yadin ya leƙo ta bakinta.

"Wannan sai Allah, 'yar'uwa."

Na ce to ko za a canja mata likkafanin, ga nata, a Zamzam muka jiƙa shi. Ta ce an riga an ɗaure, ba a kwance mamaci a sake wahalar da shi, kuma wanda aka sa mata ma mai tsarki ne, wani bawan Allah ne ya bayar sadaka. Ta ce amma in shigo in gan ta.

Ɗakin da sanyi, sai ƙamshin kafur. Ta buɗe mini fuskar kaɗai. Ba ta canja ba, sai dai bakin ya yi shiru. Na rage murya na tambayi matar ko sun ga ƙafar.

"Mun gani, mun rufe. A ƙarƙashin mayafi muke wanka. Ba ma buɗe mutum."

Na ɗora hannuna a goshinta. Na ce, "Bazazzagiya, ga baiwarki ta zo." Na yi mata addu'a, matar ta mayar da yadin ta ɗaure.

Maza suka ɗauke ta. Harami ba ya shiguwa a ranar ga mai irin ƙafata, maƙabarta kuma mata ba sa bi. Kaburburan nan ba a rubuta suna a kansu. Na koma bencin na zauna da jakar a cinyata har aka kira La'asar, na shiga sashen mata na masallacin na yi salla. A lokacin ne ake sallatarta a can.

Ana dab da Magariba wani mai shago ɗan unguwarmu ya dawo da Gwaggo. A gefen titi ya gan ta a zaune, leɓenta ya bushe ya tsage. Da na shiga wurin zaman makoki tana jingine da bango, an miƙe mata ƙafafu a kan matashi. Ta gan ni ta fara neman sandarta za ta tashi. Na ce ta zauna.

"Zuwa na yi in gaya miki."

"Na sani, Gwaggo."

"Ba a faɗa a waya."

"Haka ne."

"Sun hana ni shiga. Na ce musu ni ba Hajji na zo ba, saƙo na kawo."

Na aika aka ɗauko man zafi a ɗakina, na zauna ina shafa mata a ƙafa. Tana kuka a hankali, ni ina shafawa. Wasu matan sun so in yi mata magana, ɗaya ma ta ce tsufa ya fara taɓa ta. Na ci gaba da shafa mata man. Ta tsaya yini guda a rana saboda kar in ji mummunan labari ni kaɗai.

Ban koma Mina ba. Kwanakin makoki na yi su a ɗakin aminiyata ina dafa shayi ina wanke kofuna. Wata rana da mutane suka ragu na sake tambayar 'yar, da ban biya gida ba da na same su? Ta ce a'a, Hala, tun kina Mina aka fara. Da sauri ta faɗa, ba ta kalle ni ba. Ban sani ba ko gaskiya ce, ko ita ma ta fara koyon yadda muke yi wa juna.

Bayan alhazai sun watse 'yar ta ce mini me zai hana a ba da rabon uwarta sadaka a magsala, tunda ita ma na sadaka aka sa mata. Na ga maganarta daidai ce. Ta riƙe gefe ɗaya na riƙe ɗaya, na yanka. Na kai wa matar nan 'yar Cadi, na gaya mata a Zamzam aka jiƙa shi. Ta ce za ta ajiye wa wadda ba ta da kowa. Nawa rabin na mayar akwati.

Na ɗauka maganar ta ƙare a nan. Sai ga saƙon murya daga Zariya, daga yayar aminiyata. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, ta girme ta sosai, idonta ya tafi, jikarta ce take danna mata waya. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma mun saba gaisawa in aminiyata ta miƙo mini wayar. Ta yi mini ta'aziyya kafin in yi mata. Sannan ta ce:

"'Yar Kano, Allah ya saka miki da alheri. Tun da aka gaya mini, abin da ya kwantar mini da hankali shi ne na san ke kika wanke ta. Ta sha faɗa mini, ta ce Yaya kar ki damu, ina da mai rufa mini asiri, har yadinmu yana nan da Zamzam. Kin san yadda take da jikinta. In kin samu sarari ki gaya mini yadda kika yi mata tun daga farko, in ji kamar ina wurin."

Ba wanda ya gaya mata yadda aka yi. An ce mata ta rasu da asuba, an sallace ta a Harami, aka tsaya a nan.

Na sauka na kunna wa Gwaggo saƙon. Ta ce in ce mata eh, ni na yi. Ta ce tsohuwa ce mai hawan jini, abin da ya rage mata ke nan, mene ne amfanin ƙwace shi. Na kunna wa 'yar. Ta ce in gaya mata gaskiya, ƙarya a kan mamaci ba kyau, kuma matan sun yi wa Ummi wanka mai kyau, wannan ma abin faɗa ne. Ta ce in ba zan iya ba ita za ta kira ta faɗa. Na roƙe ta ta bar mini.

Na ɗauki wayar ba sau ɗaya ba. Nakan yi sallama, in tambayi jikinta da mutanen gida, in ce mata fuskar ƙanwarta ta yi kyau, ni na gani da idona. Daga nan sai in tsaya, in goge. Jikarta ta sake aiko da gaisuwa, ta ce tsohuwar tana tambaya ko saƙonta ya iso.

Ya iso. Wata ya shiga ya fita, na koma kitsona, an ba wasu 'yan Nijar hayar ɗakin da ke ƙasan nawa. Har yau ban ba ta amsa ba.